Verna da Dish ɗin Abe

Verna Klassen ta iso sansanin masu gudun sanyin hunturu da ke kudu da garin Quartzsite, a hamadar Amurka, ranar Asabar da la'asar, kwana biyu bayan ranar da ta ɗiba wa kanta. Dusar ƙanƙara ce ta tsare ta a Montana. Kwana shida ta yi a hanya daga garinsu Rosthern na Kanada, ita kaɗai a gaban motar-gida mai tsawon ƙafa talatin, motar da a da ko makullinta ba ta riƙewa sai in mijinta Abe zai zaga bayi a gidan mai.

Abe ya rasu a watan Afrilu. Hunturun da ya wuce ba su zo ba, yana kwance a asibiti. Kafin nan kuwa hunturu goma sha huɗu suka yi a jere a wuri guda, cikin da'irar duwatsun da ya jera da hannunsa. Fili na gwamnati ne, ba katanga ba lamba, kowa yakan tsinci duwatsu ya zagaye wurinsa, kuma mai mutunci ba ya tsallake duwatsun wani. Da ta karyo kwana ta hango da'irar tana nan, har an share cikinta an kafa wani tsohon bokiti a tsakiya, sai ta taka birki.

Dewey Halvorsen ne ya zo ya ɗauke bokitin. Shi ne maƙwabcinsu na hannun dama, tsohon mai raba wasiƙu daga Minnesota, dogo mai ɗan doro, wanda matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce.

“Wa ya tsare mini wurin?” Verna ta tambaya ta taga.

“Bokiti,” in ji Dewey. “Ni dai nakan leƙo in ga ko yana nan.”

Ya tsaya a gaba yana yi mata alama da hannu har tayar gaba ta hagu ta taɓa farin dutsen da Abe ya shafa wa fenti. Nan motar take tsayawa kullum, ba gaba ba baya. Ya ce ya ji labari, Allah ya ba ta haƙuri. Ta ce ta gode. Daga nan ya rasa abin yi da bokitin, ya rungume shi ya tafi.

Abin da ya sa ta tuƙo kwana shida ba tare da ta tsaya hutawa a gidan ƙanwarta ba shi ne ƙarfe biyu na ranar Lahadi. Jikarta Tessa, mai shekara goma sha tara, ta kai wasan ƙarshe na lardi a wasan dutse na kan ƙanƙara, kuma karon farko ke nan da za a nuna ta a talabijin. Tun tana 'yar shekara tara Abe yake kai ta filin wasa, bai taɓa fashin wasanta ba in yana gari. Da Verna ta ce za ta tafi kudu bana, don gwiwoyinta ba za su ɗauki wani hunturun a gidan da babu Abe ba, yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dai ci gaba da ɗaure takalminta.

“Ki tafi mana, tsohuwa. Da ma Kaka Abe ne mai zuwa kallona.”

“Zan kalla, Tessa. Kai tsaye, daga motar.”

“Wa zai saita miki dish? Ke da ko rimot sai an miƙa miki?”

“Na ce zan kalla.”

“To. Kada dai ki kira ni daga baya ki ce an ba ki labari.”

A wannan sansani waya ba ta kama komai a watan Janairu, mutane sun yi yawa. A gari kuma duk tashoshin Amurka ake kunnawa, babu mai nuna wasan wani lardi na Kanada. Ko dish ɗin Abe ya kama, ko ta karya alkawari.

Da safe, ƙarfe tara bai yi ba ta fito da kayan daga akwatin da ke ƙarƙashin motar: dish ɗin mai faɗi, mazauninsa mai ƙafa uku, naɗin waya, da sifana guda a cikin tsohuwar safa. Guraben ƙafafun suna nan inda suke, duwatsu uku masu lebur, taku goma sha biyu daga tagar teburin cin abinci. Ta kafa, ta rataya jarkar ruwa a tsakiya don nauyi kamar yadda ta sha gani, ta ɗora dish ɗin da kyar. Ta ja waya zuwa jikin motar ta murɗa. Daga nan ta tsaya ta riƙe ƙugu. Iya abin da ta sani ke nan na waje. Duk shekarun nan aikinta na ciki ne: ta zauna a bakin teburi, ta zuba wa talabijin ido, ta riƙa kiran lambar sigina ta taga, Abe yana waje yana juyawa.

A nan kuwa, mace ta tsaya kusa da dish ta riƙe ƙugu, ta kira taro ke nan. Kafin minti goma Royce Tackett ya iso da kofin kofi a hannu ɗaya, jakar kayan aiki a ɗayan. Tsohon mai waldan bututun mai ne daga Texas, gajere mai faɗin ƙirji, kuma rabin dish ɗin da ke sansanin shi ya saita, ko da an roƙe shi ko ba a roƙa ba.

“'Yar Kanada! Matsa, matsa. Wannan aikin minti biyar ne. Me za mu kalla?”

Ta gaya masa.

“Au, wasan nan na shara? Ɗaya ya tura dutse, biyu su bi shi da tsintsiya suna gurzar ƙasa, ɗaya yana can ƙarshe yana ihu kamar gidansa na ci da wuta? Nadine!” Ya juya wajen motarsa. “Zo ki ji, akwai ƙasar da ake ba mace kofi don ta iya shara!”

“A ba ka tsintsiyar ka gwada, tsoho,” muryar matarsa ta fito daga can. “Shekara arba'in ban ga ka riƙe ta ba.”

Royce ya yi dariya ya ajiye kofin a kan dutse. Ya ɗaga kai ya dubi dish ɗin da ke kan motarsa, ya dubi na Dewey, ya dubi na wasu biyu a layin. Duka gefe ɗaya suke kallo. Ya kwance notin na Verna, ya juya shi ya bi sahunsu. Sannan ya fito da 'yar na'urarsa mai allura, ya maƙala a tsakanin waya da dish. Yana ɗan karkatawa sai na'urar ta fara tsuwa, allura ta haura har ta bugi ƙarshe.

“Kin ji? Ya cika fal. Shiga ki sha kallo, ranki ya daɗe.”

Ta shiga. Dikoda a kunne, fuskar talabijin shuɗiya, a ƙasa an rubuta lamba: sifili.

“Babu komai,” ta ce ta taga.

“Kashe ki kunna.”

Ta kashe ta kunna. Sifili.

Daga nan aka shiga neman mai laifi. Royce ya ce waya ce, aka kawo tasa, aka sauya. Ya ce batirin motar ne ya yi sanyi, Dewey ya tayar da janareta. Wani mai gemu daga Oregon, wanda ba a ma san sunansa ba, ya tsaya da karensa ya ce ƙila an rufe layin tunda da sunan marigayi yake. Verna ta ce ta kira su tun tana gida, layi na nan. Nadine ta kawo tukunyar wake da niƙaƙƙen nama mai yaji da ƙarfe sha biyu, aka ci a tsaye. Royce ya saki tauraron ɗan'adam ɗin da ya kamo da farko ya koma ya kamo wani ta yamma, na'urarsa ta sake tsuwa har karen ya yi haushi, talabijin ba ta motsa ba. Duk juyin da zai yi sai ya ɗaure notin da ƙarfinsa na mai walda, ya sake kwancewa.

Ƙarfe ɗaya da rabi ya goge wuyansa da hula.

“Gaskiya ɗaya ce, Verna. Ko dikodarki ta mutu, ko Kanadarku ba ta kawowa nan.”

“Shekara goma sha huɗu tana kawowa.”

“To ta gaji bana. Ki zo wajenmu, muna da tasha ɗari biyu. Akwai ƙwallo, akwai tseren mota.”

“Akwai Tessa?”

Ya sunkuya ya ɗauki kofinsa. Ta shiga mota ta rufe ƙofa.

Ta zauna a gurbinta na bakin teburi. Agogon da ke saman murhu ya nuna biyu saura kwata, sannan biyu, sannan biyu da ashirin. Tana iya ganin komai ba tare da talabijin ba: hasken fitilu a kan ƙanƙara, 'yan mata takwas suna gaisawa, Tessa tana cizon leɓenta na ƙasa kamar yadda take yi tun tana ƙarama. Kukan da ba ta yi ba a Montana, ba ta yi ba da ta ga da'irar duwatsu, shi ya zo mata yanzu, ba sauti, hawaye kawai suna sauka a kan rigar Abe ta ulu da ta saka tun safe. Ta ji haushin Royce, ta ji haushin kanta, ta ji haushin Abe ma, mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu yana daka mata tsawa ta wannan tagar bai taɓa cewa fito ki ga yadda ake yi ba.

Ta share ido ta dubi waje. Mazan suna tsaye sun zagaye dish ɗin, Royce yana nuna sama da sifana. Ta daɗe tana kallo kafin ta gane abin da ke damun idonta. Tana ganin hannun dish ɗin, ƙarfen nan da ke miƙewa gaba mai ɗauke da kan da ke karɓar sigina. Ya leƙo ta gefen dama.

Ba ta taɓa ganinsa daga nan ba. Duk ranar da hoto ya fito, abin da ke cikin tagar nan bayan dish ne sosai, zagayayye, ya ba ta baya kamar mai fushi, hannun a ɓoye gaba ɗaya, giɓin nan na tsakanin tsaunukan kudu yana zaune daidai a kan bakinsa na sama. Ta kalli wannan hoton sau goma sha huɗu, kowane karo kusan awa guda, tana kiran lamba. Ba ta san ta haddace shi ba.

Ta buɗe ƙofa da ƙarfi har karen mai gemu ya ja da baya.

“Royce, cire wannan abin mai tsuwa.”

“Wannan? Ai shi ne idonmu.”

“Kowane tauraro ya gani sai ya yi masa guɗa. Naku kuke ta kamo mini tun safe. Namu daban ne, yana tsakanin biyun da kuka kama, kuma ba ya ihu a nan, da kyar yake isowa. Abe bai taɓa amfani da wannan ba. Lambar talabijin kaɗai yake bi.”

“Haba, Verna, dubi layin nan kaf, duk dish…”

“Duk na Amurkawa ne. Ba ni sifanata.”

Nadine ta tuntsire da dariya daga kan kujerarta. “Ba ta, injiniya.”

Ya ba ta. Verna ta juya ta nuna Dewey, wanda tun safe bai ce komai ba sai riƙe wannan, miƙo wancan.

“Kai, tabaranka na karatu suna jikinka? Shiga ka zauna a bakin teburi, kujerar da ke jikin taga. Da farko ka gaya mini lokacin da hannun nan ya ɓace maka. Daga nan ka kalli lambar da ke ƙasan talabijin ka riƙa faɗa.”

Dewey ya tsaya a bakin matakala ya goge takalmansa har sau uku. Bai taɓa shiga motar nan ba, ko lokacin Abe, a waje ake zama. Ya cire hula ya sunkuya ya shiga.

Ta kwance notin gefe ta juya dish ɗin zuwa hagu a hankali har muryarsa ta fito: “Ya ɓace. Bayansa kawai nake gani.” Ta sunkuya ta duba ƙarfen da ke ɗaga shi sama. Akwai zane biyu da aka karta da ƙusa, ɗaya a ƙasa an rubuta R a gefensa, wato Rosthern, ɗaya can sama an rubuta Q, wato Quartzsite. Rubutun Abe ne, mai karkata. Ta shafa shi da babban yatsa sau ɗaya, ta ɗaga dish ɗin ta daidaita a kan na sama.

“Nawa?”

“Har yanzu dai babu wani abin kirki, amma ina ganin kamar…”

“Nawa, Dewey?”

“Sifili.”

Ta matsa shi kaɗan, faɗin farce. Ta ƙirga uku a zuci, domin lambar takan makara, in ka yi sauri sai ka wuce tauraron kafin na ciki ya gani. Wannan ma daga ciki ta san shi. Sau nawa ta yi ihu ta ce ga shi, ga shi, Abe ya riga ya wuce?

“Sifili.”

Faɗin farce. Ɗaya, biyu, uku.

“Sifili. Verna, ko in kawo miki ruwa? Rana ta…”

“Lamba!”

Kalmar ta fito da muryar da ba tata ba. Haka Abe yake yi, ba ƙari ba ragi, har ta kan yi kwana guda ba ta yi masa magana ba saboda ita. Yanzu da wuyanta ya sage, rana tana cikin idonta, yatsunta suna riƙe da abin da numfashi ma ke iya gusar da shi, sai ta ji dalilin. Wanda ke waje makaho ne. Ba abin da yake da shi sai muryar da ke fitowa ta taga. Ta ci gaba.

“Sifili,” in ji Dewey a hankali. “Sifili. Sifili. Tsaya! Goma sha ɗaya!”

Ba wanda ya motsa. Royce ya buɗe baki, Nadine ta miƙa ƙafa ta taka masa takalmi.

“Ashirin da shida. Talatin. Talatin da tara. Ya koma talatin da ɗaya.”

Ta dawo da shi rabin abin da ta tura.

“Arba'in da huɗu.”

Ta bar gefe ta koma ɗagawa, ta danna bakin sama da yatsu biyu.

“Hamsin. Hamsin da biyar. Hamsin da takwas. Hamsin da takwas. Verna, ga wasu 'yan mata a kan ƙanƙara!”

“Hamsin da takwas kacal?” in ji Royce. “Nawa casa'in da biyar yake ba ni.”

“Namu bai taɓa wuce sittin ba,” ta ce, ba ta dube shi ba.

Saura ɗaurewa. Ta riƙe dish ɗin da hannun hagu, ta sa sifana da na dama. Notin ya juya, ya juya, ya ci gaba da juyawa. Bai kama ba. Ɗaurin da aka yi ta yi masa tun safe ya cinye haƙoransa na ciki. Ta sassauta hannunta don ta duba, iskar la'asar da takan taso daga yamma ta ɗan taɓa shi.

“Ashirin! Hoton ya farfashe!”

Ta maido da hannu da sauri, ta lallaɓa.

“Hamsin da uku. Hamsin da bakwai. Ya dawo.”

Ta tsaya a haka, hannu biyu a bakin dish, bayanta ga motar. Ta taga tana jin muryar mai sharhi da ƙarar tsintsiya a kan ƙanƙara, da ihun 'yan mata. Taku goma sha biyu ne tsakaninta da talabijin.

“Zagaye na nawa ake?” ta tambaya.

“An rubuta bakwai. Goma ake yi?”

“Goma. Wa ke gaba?”

“Masu jar riga biyar, masu kore huɗu.”

“Kore ne namu. Nemi mai kitso ɗaya dogo a baya.”

“Na gan ta. Ita ce mai shara ta hagu. Kai, yarinyar nan da ƙarfi take.”

Mai gemu ya ce yana da notuna a motarsa, ya tafi dubawa. Royce ya zazzage jakarsa a ƙasa, ya gwada uku a kan ƙusar, duk na inci ne, na Abe kuwa awon Kanada ne, babu wanda ya shiga. Ya kawo shawarar igiya, ya kawo ta salatif, shi da kansa ya ce ba za su riƙe faɗin farce ba a iskar nan. Ya tsaya yana kallon hannayen Verna, waɗanda suka fara rawa tun daga kafaɗa. Kunnuwansa sun yi ja.

“Ni na cinye notin,” ya ce.

“Kai ne.”

Ya zagayo bayanta, ya ware ƙafafu ya kafa su a tsakuwa, ya sa manyan hannayensa a ƙasan nata.

“Kada ki saki sai na ce. Dewey! Kira lamba, mutumina!”

“Hamsin da bakwai. Hamsin da shida. Hamsin da bakwai.”

“Zare na hagu. A hankali. Yanzu na dama.”

“Hamsin da bakwai.”

“Shekara talatin ina riƙe wuta a kan bututu a cikin iska, hannun nan bai taɓa rawa ba. Shiga ki kalli shararki, baiwar Allah.”

Ba ta tsaya godiya ba. Dewey ya miƙe zai ba ta kujerar, ta ce ya zauna, aikinsa bai ƙare ba, ya sa ido ɗaya a kan 'yar lambar da ke kusurwa. Ta zauna a gefensa a kan benci ɗaya, don nan ne kaɗai ake ganin talabijin sosai. Nadine ta shigo ta tsaya a jikin firiji.

An fara zagaye na takwas. Kyamara ta bi dutse daga sama, sannan ta sauko, sai ga Tessa ta cika fuskar talabijin, kanta a sunkuye, kitson yana dukan bayanta, kumatunta jajur. Ta rame. Ta yi tsawo ko kuwa talabijin ce? Verna ta dafe bakin teburi da hannu biyu.

“Goge, 'yar nan! Goge! Kada ki ɗaga!”

“Tana jin ki kuwa,” in ji Nadine.

Kore suka ci biyu a na takwas. Ja suka rama ɗaya a na tara, aka yi kunnen doki, shida da shida. Sau biyu hoton ya ɗan tsaya, Dewey ya yi ihu ta taga, “Arba'in da ɗaya, Royce!” daga waje aka amsa, “Ƙuda ne a hancina, na gyara!” Dewey bai san dokar wasan ba, yana tambaya a hankali, tana ba shi amsa ba tare da ta kau da ido ba. A wani wuri ta damƙi hannun rigarsa, ba ta sani ba. Shi ya sani. Bai motsa hannun ba har aka gama zagayen, ko da tabaransa suka zamo zuwa kan hanci.

A zagaye na goma dutsen ƙarshe na kore ne. Shugabarsu ta tura shi, tun daga fitarsa Verna ta ce, “Ya yi sanyi.” Tessa da abokiyarta suka faɗa masa da tsintsiya tun daga tsakiyar fili, suna gurza da duk jikinsu, shugabar tana ihu har muryarta ta dushe. Dutsen ya shiga da'irar da aka zana a ƙarshen fili, ya ja jiki, ya ja jiki, ya tsaya kusa da na ja. Wanda ya fi kusa da tsakiyar da'irar shi zai ci, amma ido bai iya raba su ba. Alƙali ya kawo sandar awo ya durƙusa. Ya auna na ja, ya auna na kore, ya sake auna na ja. Ya nuna ja.

Kyamara ta tafi wajen masu murna, sannan ta waiwayo na ɗan lokaci. Tessa tana tsaye ta jingina goshi a kan sandar tsintsiyarta. Ta ɗago, ta goge hanci da bayan safar hannu, ta je ta miƙa wa kowace mai jar riga hannu, ɗaya bayan ɗaya, har ta huɗun.

“Ayya,” in ji Nadine. “Kaɗan ya rage.”

“Ba laifinta ba ne,” in ji Verna. “An saki dutsen da sanyi. Ba don sharar ba ko da'ira ba zai shiga ba. Kun ga inda ta fara? Tun kafin layin tsakiya.” Hawaye na zuba, tana magana kamar ba nata ba ne. “Ƙafa shida ta ƙara masa. Ni na gani.”

Aka sa talla, ta ci gaba da zama. Sai da Dewey ya yi gyaran murya ya nuna taga da haɓa ta tuna. Ta fita da sauri.

Royce yana nan yadda ta bar shi, fiye da awa guda, rigarsa ta jiƙe ta manne a baya, hularsa a ƙasa iska ta kayar.

“Saki, Royce. An gama.”

Ya saki. Dish ɗin ya sunkuyar da kai gefe. Hannayensa suka tsaya a sama a lanƙwashe, sai da Nadine ta zo ta sauke masa su ɗaya bayan ɗaya tana cewa yau dai ya yi aikin da ya dace da shi, tsayuwa wuri guda baki a rufe.

“Wa ya ci?” ya tambaya.

“Su. Da awo.”

“Da awo? Bayan duk sharar nan?” Ya tofar da yawu gefe. “A sake auna shi. Yaushe za su sake bugawa?”

“Sai baɗi.”

“To kafin nan a nemo noti.”

Verna ta kwance tsohon notin ta jefa a aljihun rigar ulu. Ta juya wajen Dewey, wanda ya fito yana riƙe da hularsa.

“Motarka ƙarama tana da mai? Ka kai ni gari kafin masu kayan ƙarfe su rufe. Kuma ina so in sami inda waya ke kamawa, kafin yarinyar ta fito daga ɗakin sauya kaya.”

“Me za ki ce mata?”

“Zan ce na rasa bakwai, na ga uku. Ta yi masifarta ta gama, sannan in gaya mata abin da na gani a na goma.” Ta dube shi. “Ka iya tuƙi da sauri, ko irin na raba wasiƙa za ka yi mini, gida-gida?”

Dewey ya sa hula ya tafi ɗauko makulli.